ZAMAN MUTANEN MASAR NA DA: DARASI GA MAZAUNA FADAMAR HAƊEJA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya ruwa ya zama tushen abincin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, in aka ambaci Masar ta da a gaban Musulmin ƙasar nan, abin da ya kan fara faɗo masa a rai shi ne Fir'auna, da taurin kansa, da yadda ruwa ya ci shi. Wannan kuwa gaskiya ne, babu ja. Amma Fir'aunan Annabi Musa (AS) sarki ɗaya ne cikin sarakuna masu yawa, a daular da ta ɗauki shekara wajen 3,000, tun daga kusan shekara 3,100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa shekara 30 kafin haihuwarsa, sa'ad da Rumawa suka ci ƙasar. A ƙarƙashin waɗannan sarakuna akwai talakawa, manoma da masunta da masaƙa da fatake da akawuna, su ne kuwa mu ke so mu leƙa gidajensu a wannan mako. Dalilinmu shi ne, babu wanda zai fahimci zamansu kamar mutumin Kirikasamma ko Guri ko Auyo, wanda abincinsa na shekara ya rataya ga zuwan ruwan kogi da janyewarsa.

Labarinsu ya iso mana ne ta hanyar hotunan da suka zana a bangayen kaburburansu, da rubutun da suka bari a kan duwatsu da tsingaro da takardar da su ke yi da wata ciyawar ruwa, wadda Larabawa ke kira bardi. Malaman Musulmi na farko, irin su Ibnu Wahshiyya, sun yi ƙoƙarin warware wannan rubutu, amma sai a 1822 wani Bafaranshe mai suna Champollion ya gano makullinsa, da taimakon wani dutse da aka tsinta a garin Rashid a 1799.

KOGI DA LISSAFIN SHEKARA

Ruwan sama ba ya sauka a Masar sai abin da ba a rasa ba. Abin da ke rayar da ita shi ne damanar da a ke yi can a duwatsun Habasha, wadda ke cika Kogin Nilu. A da, ruwan ya kan fara hawa wajen watan Yuli, ya kai matuƙa a Agusta da Satumba, ya shafe gonaki, sa'an nan ya janye a Oktoba ya bar baƙar laka mai albarka. Saboda wannan laka ne suka sa wa ƙasarsu suna Kemet, watau baƙar ƙasa, suka kira hamadar da ke kewaye da su jar ƙasa. Mutumin Haɗeja zai ce fadama da tudu.

Sun raba shekararsu kashi 3, kowane kashi wata 4: lokacin ambaliya, da lokacin shuka, da lokacin girbi. Kowane wata kwana 30 ne, sa'an nan su ƙara kwana 5 a ƙarshe, ya zama kwana 365. Alamar zuwan ruwa a wurinsu ita ce fitowar tauraron Shi'ira da asuba, wannan tauraro da aka ambata cikin Suratun Najmi, kamar dai yadda malamanmu ke lissafa wa manoma damana da taurari, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a.

In ruwa ya janye, manomi ya watsa alkama da sha'ir a kan laka, ya bi da garmar shanu, ko ya koro tumaki su tattake iri ya nutse. Da girbi ya yanke zangarniya da lauje, shanu su tattake ta a masussuka, a sheƙe, a auna, a zuba a rumbunan ƙasa masu ƙofa a sama. Lambunan albasa da tafarnuwa da kokwamba kuwa da jigo a ke ba su ruwa, wannan jigo dai da kakanninmu suka yi noman rani da shi a bakin kogi kafin zuwan injin ban-ruwa. Akwai hotonsa a wani kabari da ya haura shekara 3,000. Mai karatun Suratul Baƙara zai tuna cewa irin waɗannan kayan lambu, har da adas, su ne Banu Isra'ila suka yi ta marmari bayan sun bar Masar.

GIDA DA ABINCI DA ADO

Manyan dalolin dutse da a ke zuwa kallo a Giza kaburbura ne. Mai rai, ko da sarki ne, a ɗakin tubalin laka ya ke kwana. Gidan talaka ɗakuna ne kaɗan, da rufi shimfiɗaɗɗe irin na soro, inda iyali ke hawa su kwana in zafi ya matsa. Kayan ɗaki tabarma ce da kujera 'yar tsuguno da randa da matashin kai na itace.

Abincinsu na kullum gurasa ce da albasa da kifi, ɗanye ko busasshe. Mata ke niƙa a kan dutsen niƙa, tsakuwa kuwa ta kan shiga cikin gari, shi ya sa masu binciken gawawwakinsu suka tarar haƙoransu sun cinye ƙwarai. Nama sai ranar biki ko a gidan masu hali. Su kan kama agwagin ruwa da tarko ko su jefe su da sanda a cikin fadama, irin tsuntsayen nan masu ƙaura daga Turai da har yanzu su ke sauka a dajin Baturiya da ke ƙasar Kirikasamma. Abin shansu wata giya ce ta sha'ir mai kauri kamar kunu, wadda babba da yaro ke sha. Wannan yana cikin abubuwan jahiliyyarsu da Musulunci ya haramta.

Tufafinsu fari ne, na zaren wani tsiro da Larabawa ke kira kattan, mai kama da rama. Maza da mata duk suna sa kwalli, don ado da kuma kare ido daga ciwo da ƙyallin rana. Suna yawan wanka da aski da shafa mai, suna kuma yin kaciya, domin akwai hotonta a bangon wani kabari a Saƙƙara da ya kai shekara 4,300.

Mace a cikinsu tana mallakar gona da dukiya da sunanta, tana saye da sayarwa, tana kai ƙara gaban alƙali, in aure ya mutu kuma ta fita da abin da ta shigo da shi. An samu wasiyyar wata tsohuwa mai suna Naunakhte, wadda ta rayu wajen shekara 1,150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ta hana waɗansu 'ya'yanta gadon dukiyarta don sun yi watsi da ita da ta tsufa. Shari'armu ta riga ta yanka wa kowane magaji rabonsa, ba a hana shi da wasiyya. Amma kukan wannan tsohuwa, kai ka ce jiya aka yi shi a zauren wani alƙali na ƙasar nan.

KASUWA DA MA'AUNI

Wannan ɓangare na fatake ne. Mutanen Masar sun yi shekaru dubbai suna ciniki ba su da kuɗin kashewa. Musaya a ke yi, amma ba da ka ba. Suna da wani nauyi na tagulla mai suna deben, kimanin giram 91, da shi a ke yi wa kowane kaya ƙima. Mai son sayen sa, sai a ce sa ya kai deben kaza, shi kuma ya tara tufafi da mai da hatsi har ƙimarsu ta kai haka, a rubuta, shaidu su gani. Ciniki irin wannan ba ya tsayawa sai ma'auni ya zama ɗaya ga kowa, don haka mudu da sikeli suka zama abin tsaro ƙwarai a wurinsu.

AKAWU DA RUMBUN HUKUMA

Wannan kuma na ma'aikata ne. Babu sana'ar da ta kai ta magatakarda daraja a Masar ta da, gama mutum kaɗan ne suka iya rubutu. Aikinsa na farko shi ne auna ruwa. Sun gina matakala a bakin kogi, kamar wadda ke tsibirin Aswan, suka yi mata zane-zane na kamu da taƙi, kowace shekara a rubuta inda ruwa ya tsaya. Akwai wani dutse da ke ajiye a birnin Palermo na ƙasar Italiya, wanda ke ɗauke da tsayin ambaliyar shekara da shekara ta zamanin sarakunan farko, fiye da shekara 4,400 ke nan. Da wannan lissafi hukuma ke sanin yawan amfanin da za a samu, da shi kuma a ke yanka haraji. In ruwa ya janye ya shafe iyakoki, sai masu igiya su fito su sake auna gonaki, kada maƙwabci ya ci maƙwabci. Gyaran magudanai da datsiyoyi kuwa aiki ne da a ke kiran kowane gari ya fito ya yi.

Musulmi da suka ci Masar a hannun Amru ɗan Asi (RA), tsakanin 639 da 642, ba su rushe wannan tsari don na kafirai ne ba. Sun riƙe shi, sun kyautata shi. Amru ya sake haƙe tsohuwar mashigar da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya, aka riƙa kai hatsi Hijaz ta jirgin ruwa. A shekara ta 861, zamanin Halifa Mutawakkil, aka gina ma'aunin ruwa na tsibirin Rauda a Alƙahira, yana nan tsaye har yau. A da, in ruwa ya kai kamu 16 sai a yi shela a gari cewa Nilu ya cika alkawari.

Albashin ma'aikaci hatsi ne. A wani ƙauye da a ke kira Dairul Madina, kusa da Luksor, inda magina kaburburan sarakuna suka zauna da iyalansu, kowane ma'aikaci yana karɓar buhu 4 na alkama da buhu 1 da rabi na sha'ir a wata, kowane buhu kimanin lita 76. Har rajistar zuwa aiki an samu, a kan wani ɓallin dutse da ke gidan kayan tarihi na Landan, daga shekara ta 40 ta sarautar Ramsis na Biyu. An jera sunayen mutum 40 da dalilin fashin kowa: wannan kunama ta harbe shi, wancan ciwon ido, wani kuma yana jana'izar ɗan'uwansa.

To, a shekara ta 29 ta sarautar Ramsis na Uku sai albashi ya yi ta jinkiri. Da aka kwana 18 cikin wata ba a ba su komai ba, magina suka ajiye kayan aiki, suka fita daga ƙauyen suka je suka zauna a bayan wani ɗakin bauta, suka ce yunwa ce ta fito da su. Wannan shi ne yajin aiki na farko da tarihi ya rubuta, takardarsa tana birnin Turin. Ba a jima ba bayan haka aka rubuta ƙarar wani shugaban jirgin ruwa a Aswan, wanda ya haɗa baki da waɗansu ma'aikata suka karkatar da dubban buhunan hatsi cikin shekaru kaɗan. Sa'an nan aka shiga fasa kaburburan sarakuna ana sace zinariya. Kogi yana zuwa, gonaki suna nan, amma amana ta fita daga rumbu, daular kuwa ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba.

A nan ne mai hankali zai gane girman abin da Annabi Yusufu (AS) ya nema, sa'ad da ya ce a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma kafa hujja da abu biyu, tsaro da sani. Shawarar da ya bayar ta a bar hatsi cikin zangarniyarsa don shekarun fari, ita ce dai kakanninmu ke bi da su ke zuba damman gero da dawa a rumbu ba tare da sussuka ba.

ABIN DA SU KE TSORO BAYAN MUTUWA

Addininsu shirka ne, sun bauta wa rana da kogi da dabbobi da sarakunansu, Allah Ya tsare mu. Duk da haka sun yarda akwai hisabi. Sun zana sikeli inda a ke auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu, alamar gaskiya, su kan kuma binne shi da takarda mai jerin laifuffukan da zai rantse bai aikata ba. A cikin jerin akwai tauye mudu, da taɓa sikeli, da cin iyakar gona, da tare ruwa a lokacinsa, da datse ruwa mai gudu. Ku duba fa, mutanen da ke cikin duhun shirka sun lissafa hana na ƙasa ruwa cikin abin da zai hallaka mutum a lahira.

KOGINMU

Mu ma ba baƙin kogi ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8. Masana suka auna shekarunsa suka ce wajen 8,000 ne, watau ya girmi babbar dalar Giza da fiye da shekara 3,000. Tun wancan zamani mutane ke cin abinci a wannan kwari. Tsarin da iyayenmu suka gada a fadamar Haɗeja zuwa Nguru kuwa ya yi kama da na Nilu: ruwa ya zo a ƙarshen damana, shinkafa ta tashi da shi, masunta su shiga, ya janye a shuka wake a danshinsa, Fulani su sauko da shanu da rani, kashin shanu ya zama taki. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

Masar ta kammala babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliyar shekara ta tsaya, lakar ta maƙale a bayan madatsa, manomi ya koma sayen takin zamani. Mu kuma aka kammala madatsar Tiga a 1974, bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sa'an nan madatsar Challawa ta biyo a 1992. Ba mu musun alherinsu: birnin Kano na shan ruwansu, manoman Kura da Kadawa na noman rani da su. Amma na ƙasa sun biya farashi. Da, kogi ya kan ƙafe da rani, ciyawa ta mutu, ambaliya ta zo da ƙarfi ta wanke hanyarta. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachala ta sami wurin zama, ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta. Tsohon kogin Haɗeja ya toshe, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma. Ga gona ta nutse shekara da shekaru, ga wata can ƙishirwa na kashe ta, ga jan-baki ya sami maɓoya cikin kachala yana cinye shinkafa da gero. In kuma ruwa ya yi yawa, kamar a 2022, ba shi da hanyar wucewa sai ta cikin gidajen mutane.

HUKUNCI DA ABIN YI

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke game da kwararar Mahzur da Muzainib a Madina, cewa na sama ya riƙe ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Ya kuma kawo hanin da aka yi ga hana rarar ruwa. Har ila yau ya kawo shari'ar Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ja magudana ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi, Sayyidina Umar (RA) ya tilasta a wuce da ita, tun da ba ta cutar da mai gona. Ashe na sama yana da haƙƙin buƙatarsa, ba shi da haƙƙin abin da ya wuce ta.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da aka ɗora a kan ruwa da gona da taskokin hukuma, su ɗauki rubuta tsayin kogi da gaskiya, da sanar da mutanen ƙasa kafin a saki ruwa, da kashe kuɗin yashe magudanai a inda aka ware su, a matsayin amanar da za a tambaye su. Mai biyan albashi ya tuna da maginan Dairul Madina. Muna kira ga fataken shinkafa da alkama da busasshen kifi a kasuwannin Haɗeja da kewaye, su sayi kaya da mudun da su ke sayarwa da shi, kada su mai da shekarar ambaliya lokacin ɓoye hatsi, gama Suratul Muɗaffifina ba don mutanen Madina kaɗai ta sauka ba. Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai, su raya aikin gayya na sare kachala da buɗe hanyoyin ruwa, gari da gari su haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masunci mai kafa dumba da manomi mai datse magudana don gonarsa kaɗai, su ma su san akwai wani a ƙasa da su yana jira.

Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutanen Masar na da sun auna ruwansu, sun rubuta, sun yi tanadi, suka ci abinci shekaru dubbai a tsakiyar hamada, ba su da Littafi a hannu irin namu. Mu da aka ba mu Littafi da Sunna da bayanin malamai, uzurinmu ya fi nasu ƙaranci.

Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.